Wanda aka goya ya fi jin rami

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye arewa da Tasawa, na ƙuƙuta na sayi babur na hannu, irin ƙananan nan masu lamba 125. Ɗiyata, lokacin tana da shekara takwas, tana karatu a makarantar da nake, saboda haka duk Juma'a da la'asar nakan goyo ta mu koma gari wurin uwarta. Da wuya mu isa gida ba ta ce, "Baba, bayana na ciwo" ba. Ni kuwa da yake ban ji komai ba, sai in ce ragwanci ne. Wata rana a kan jar hanyar nan da ta yi tudu-tudu kamar kwanon rufi, amalanke ta fito mana daga gona. Na taka burki, ƙafar baya ta yi tsalle ta kauce gefe, muka zube cikin rairayi. Allah ya taƙaita, ƙujewa kawai ta yi a gwiwar hannu.

Washegari makanike ya danna bayan babur ɗin ya saki, babur ya yi ta rawa sama da ƙasa kamar ba zai tsaya ba. Ya shafo wani baƙin danƙo a jikin amortiser, abin da ƴan'uwanmu na Katsina da Kano ke kira shokazoba, ya nuna mini. Ya ce, "Mushe, wannan ai ya daɗe da mutuwa. Man ya tsiyaye, sifirin kawai kake hawa."

Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan ƙarfe da ban taɓa kallo sau biyu ba. Na tarar cewa a tarihin babur, ƙafar baya ita ce aka fi daɗewa ba a tausaya wa ba.

Babur na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa ya fito ne a Jamus a 1894, na kamfanin Hildebrand da Wolfmüller. Shi da waɗanda suka biyo bayansa kekuna ne da aka ɗora wa inji. Maƙera sun yi saurin sa wa ƙafar gaba sifirin, don idan gaba na tsalle hannu ba ya iya riƙe kan babur. Ƙafar baya kuwa aka bar ta ɗaure tamau a jikin ƙarfe, aka sa sifirin a ƙarƙashin sirdi. Wato an yi wa mai tuƙi gata, wanda aka goya kuma ya ji da kansa. Suna da hujjarsu. Ƙafar baya ita ce sarƙa ke ja, kuma idan tana hawa da sauka sarƙar takan yi sako-sako ko ta ɗaure. Ga kuma tsoron kada bayan babur ya riƙa lauyewa a kwana. Kamfanin Indian na Amurka ya gwada a 1913, ya sa wa baya sifirin mai falle-falle irin na mota, amma abin bai zama ruwan dare ba.

Labarin da ya fi burge ni na Italiya ne. A 1928 kamfanin Moto Guzzi ya fito da babur na doguwar tafiya mai suna GT. An ɗora ƙafar bayansa a kan hannu mai lilo, aka kwantar da sifirin ɗin a ƙarƙashin inji. Wanda ya tsara shi, Giuseppe Guzzi, wa ne ga Carlo Guzzi da kamfanin ke ɗauke da sunansu. Mutane suka ƙi yarda da abin. Maimakon ya tsaya gardama, sai ya hau babur ɗin da kansa ya nufi arewa, ya ratsa Turai har can ƙuryar ƙasar Norwe inda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazararsu, a kan hanyoyin da ba su fi namu na karkara kyau ba, ya dawo lafiya. Daga nan babur ɗin ya samu laƙabin Norge. A shekarar nan ce kuma wani saurayi Bature, Phil Vincent, ya fara ƙera nasa baburan a Ingila da irin tasa dabarar ta sifirin ɗin baya.

Ka ce wannan tafiya ta isa hujja. Ba ta isa ba. Masu saye sun ci gaba da ganin sifirin ɗin baya a matsayin kayan jin daɗi na masu son jiki. Abin da ya karya gardamar tsere ne. A 1935 Stanley Woods, ɗan ƙasar Ailan, ya ci babbar gasar tsibirin Man a kan Moto Guzzi mai sifirin a baya. Nan idanu suka buɗe: taya da ke bin ƙasa tana lafe da ita ta fi taya mai tsalle gudu, ta fi ta kama burki, ta fi ta riƙe kwana. Ashe abin da ke hutar da ƙugu shi ne ke hana faɗuwa. Ciwon bayan talaka bai motsa maƙera ba, sai da kofi ya shiga maganar, kuma wannan ba a kan babur kaɗai aka saba gani ba.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. Velocette a Ingila ya kwaikwayi ƙafafun saukar jirgin sama, ya sa wa baburansa na tsere hannu mai lilo da amortiser biyu, ɗaya kowane gefe, siffar da har gobe ita ce a jikin baburan ƴan kabu-kabu. BMW a 1938 ya bi wata hanya, inda gindin taya ke zamewa sama da ƙasa a kan sanduna biyu, amma tazarar motsin kaɗan ce, kuma a 1955 shi ma ya koma hannu mai lilo. Bayan yaƙin duniya na biyu, Rex McCandless na birnin Belfast ya riƙa karɓar tsofaffin babura masu sandararren baya yana yanke su yana sa musu sabon tsari. Shi da ɗan'uwansa Cromie ne suka tsara wa Norton gangar jikin da ta yi suna a 1950, wadda laushinta ya sa aka yi mata laƙabi da katifar gashin tsuntsu. Harley-Davidson kuwa, da duniya ta sani da manyan baburan doguwar tafiya, bai sa wa manyan nasa sifirin a baya ba sai 1958, shekara talatin cur bayan tafiyar Guzzi.

A nan ya kamata in tsaya kan abin da makanike ya nuna mini, don shi ne zuciyar maganar. Amortiser abu biyu ne a haɗe, kowane da aikinsa. Sifirin, ko rasor kamar yadda muke cewa, shi ke ɗaukar nauyi, ya lanƙwashe idan an faɗa rami. Amma sifirin bai san tsayawa ba. Duk ƙarfin da ya haɗiye sai ya amayo shi. Abin da ke ladabtar da shi bututun nan ne na tsakiya, mai ɗauke da mai. Cikinsa akwai fistan mai ƙananan ƙofofi, kuma da yake dole man ya matsa ta cikinsu, motsin sai ya yi sanyi, ƙarfin ya koma zafi ya fita. Baburan farko da faifai masu gugar juna suke wannan aiki, kafin mai ya maye gurbinsu. Shi ma man yana da aibinsa: a kan hanya mai tudu-tudu yakan yi zafi ya yi kumfa, ya daina riƙewa. Wani injiniya Bafaranshe, Christian Bourcier de Carbon, shi ya kawo maganin wannan a shekarun 1950, ya matse man da iskar gas don kada ya yi kumfa.

Ƙasarmu ma ta shiga tarihin. Tseren Paris zuwa Dakar na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya shigo Nijar daga Aljeriya, ya bi ta Agadas da Yamai, kuma Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan Yamaha XT500 mai amortiser biyu. Kafin nan Yamaha ya riga ya karɓi dabarar wani ɗan Beljiyam, Lucien Tilkens, ta amortiser guda ɗaya dogo mai ba ƙafar baya tazarar motsi mai yawa, har ya ci gasar duniya da ita a 1973. Da ya fito da babur na ratsa hamada a 1983, da amortiser guda ya fito da shi, ya kuma raɗa masa suna Ténéré. Rairayinmu da duwatsunmu sun zama wurin gwaji, baburan da aka gyara saboda su suka tafi kasuwannin Turai. Yau manyan baburan yawon duniya, mai shi kan danna maɓalli ne ya gaya wa babur cewa ya yi goyo ko ya ɗora kaya, bayan ya daidaita kansa.

Mu da ke hawa 125 ba mu da maɓalli, amma muna da zobe. A gindin yawancin amortiser ɗinmu akwai wani zobe mai matakala, sau da yawa hawa biyar, wanda ake juyawa don a ɗaga bayan babur idan nauyi ya ƙaru. Na shekara biyu da babur ban san amfaninsa ba, kuma da na tambayi abokan aiki a wani taron malamai, akasarinsu ba su taɓa taɓa shi ba. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, idan an hau an zauna da duk kayan da za a ɗauka, kada bayan ya nutse fiye da kashi ɗaya cikin uku na tazarar motsinsa. Zoben ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, ɗaga shi kawai yake yi. Idan an kai shi hawan ƙarshe amma har yanzu babur na dukan ƙasa a kowane rami, to nauyin ya fi ƙarfin sifirin ɗin, sai a nemi wanda ya fi shi kauri ko a rage kaya. In za a sauya, a sauya biyun tare, kuma tsawonsu ya zama daidai da na asali, don wanda ya fi tsawo yana taɓa ɗaurin sarƙa da yadda babur ke shan kwana.

Abin da nake ƙi shi ne gyaran da na ga ana yi wa baburan dakon kaya, inda ake cusa guntun bututu cikin sifirin ko a yi masa walda don kada ya nutse. Mai yin haka ya mai da babur ɗinsa zamanin da Guzzi bai tafi Norwe ba. Buhun gero ba zai yi ƙara ba. Amma da safe babur ɗin nan ne ake jera wa yara uku a kai su makaranta, kuma na ƙarshensu yana zaune ne daidai saman ƙafar baya, inda duka ke fitowa kai tsaye. Mai tuƙi yana tsakanin ƙafafu biyu, yana hango rami, yana ɗan tashi a kan matakai kafin ya faɗa. Yaron baya ba ya ganin komai sai rigar babansa, ƙafafunsa ma sau da yawa ba sa kai matakai. Shi ya sa ni ban ji komai ba, ita kuwa ta ji.

Na sayi amortiser biyu sababbi a Maraɗi ƙarshen watan nan, makanike ya ɗaura, muka juya zoben zuwa hawa na huɗu saboda goyo da jakar littattafai. Juma'ar da ta biyo, mun wuce wurin da muka faɗi ban ji motsinta ba, sai na tsaya na waiwaya. Gyangyaɗi take yi. Dole na sauke ta muka ɗan taka da ƙafa har barcin ya sake ta, kuma daga ranar nakan sa ta yi mini ta karatun jadawalin ninkawa da ƙarfi har mu shiga gari.