Daga Bakin Wuta Zuwa Cikin Aji: Tarihin Sadaukan Zane a Littattafan Yara na Amurka

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe ƙananan azuzuwa ya san akwai wani mataki mai wuyar hayewa ga mai koyon karatu. Yaro ya iya haɗa baƙi da wasali, ya iya karanta jimla, amma bai kai ga ɗaukar littafi don kansa ya karance shi ba tare da an tsaya a kansa ba. Domin wannan mataki ne mawallafan Amurka suka ƙago wani nau'in littafi, wato gajeren labari mai babi-babi, mai manyan haruffa da hotuna, na yara 'yan shekara 6 zuwa 9. Yawancin taurarin wasu jerin waɗannan littattafai sadaukai ne masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, irin waɗanda wanda ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi ba zai rasa gane siffarsu ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda sadaukin da aka taɓa ƙona mujallunsa a harabar makaranta ya koma abokin aikin malami.

Zamanin Ƙyama

An fara ganin Superman ne a 1938, cikin fitowar farko ta mujallar Action Comics, wadda ake sayarwa santi 10. Jerry Siegel ya tsara labarin, Joe Shuster ya zana. Batman ya biyo baya a 1939, sai Wonder Woman a 1941. Yara suka rungumi waɗannan mujallu na labarin zane, manya kuwa suka ɗaure fuska. Tun a 1940 Sterling North ya yi sharhi a jaridar Chicago Daily News, inda ya ɗauke su abin kunya ga ƙasa baki ɗaya. A 1948 ƙyamar ta kai ga an tara su an cinna musu wuta a wasu garuruwa, ciki har da Binghamton ta jihar Niyok, inda 'yan makaranta da kansu suka tattaro su.

Al'amarin ya kai ƙololuwa a 1954, sa'ad da wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa Seduction of the Innocent. Ya zargi mujallun da cusa wa yara ta'asa da kuma dakushe musu karatu, domin a ganinsa kallon hoto kawai suke yi. A shekarar ce wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kan batun, mawallafan kuma, don gudun doka, suka kafa hukumar tace kansu. Sai a 2012 Carol Tilley ta Jami'ar Illinois ta duba takardun Wertham, ta nuna cewa ya sassauya bayanan yaran da ya kafa hujja da su.

Matsalar da ke Cikin Aji

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da ake korar sadauki daga hannun yaro, abin da aka ba shi a madadinsa bai da armashi. A 1954 ɗin dai John Hersey ya koka a mujallar Life cewa littattafan firamare sun cika lami, yaran cikinsu kuma sun faye ladabi har ba su kama da yaran gaske. A 1955 Rudolf Flesch ya fito da Why Johnny Can't Read, yana sukar hanyar koyarwar kanta. Amsar mawallafa ta zo a 1957 ta fuska biyu. Dr. Seuss ya rubuta The Cat in the Hat da kalmomi daban-daban 236 kacal. Kamfanin Harper kuma ya buɗe jerin littattafan masu fara karatu da Little Bear na Else Holmelund Minarik, wanda aka kasa gida huɗu. Da haka aka tabbatar cewa ƙarancin kalmomi ba ya hana labari daɗi, kuma rarraba shi yana ba yaro wurin hutawa. Amma har zuwa lokacin ba a buɗe wa sadauki ƙofa ba.

Sulhu

Sulhun ya biyo ta talabijin. A 1974 shirin koyar da karatu mai suna The Electric Company ya shigo da Spider-Man, kuma aka tsara shi ba ya magana da baki, sai dai maganarsa ta bayyana a rubuce, dole yaro ya karanta in yana son sanin abin da ya ce. Kamfanin Marvel ya raka shirin da mujallar Spidey Super Stories, mai sauƙaƙan kalmomi, wadda ta fito sau 57 daga 1974 zuwa 1982. Wato abin da Wertham ya kira guba shi masana ilimi suka mai da magani.

Haɗuwar sadauki da littafi mai babi-babi ta kankama a 1997, da fitowar Captain Underpants na Dav Pilkey daga kamfanin Scholastic. Shi kansa Pilkey ya yi fama da larurar wahalar karatu yana yaro, kuma a barandar da ake kora shi in ya dami aji ya ƙago tauraron nasa. Labarin wasu yara biyu ne da suka juyar da hankalin hedimastansu ya ɗauka shi sadauki ne. Tsohuwar ƙyama ba ta mutu ba, domin a 2012 da 2013 wannan jeri ne ya zo na ɗaya cikin littattafan da aka fi neman a cire daga ɗakunan karatu, bisa ƙididdigar ƙungiyar laburarorin Amurka. Duk da haka ƙofa ta riga ta buɗe. A 2014 Shannon Hale da Dean Hale suka fito da The Princess in Black, labarin gimbiyar da kan ɓad da kama ta yaƙi dodanni masu cin awaki, aka kuma nuna cewa sadaukantaka ba ta maza kaɗai ba ce.

Kammalawa

Daga 1938 zuwa 1997 shekara 59 ke nan, kuma a tsawon wannan lokaci sadaukin bai sake hali ba. Fahimtar manya ce ta sake. An gane cewa iya karatu daban, son karatu daban, kuma ba a ƙwarewa sai da yawan yi. Labarin sadauki yana da fasali sananne: ga mugu, ga haɗari, ga ceto. Wannan yakan rage wa yaro nauyin fahimta, ya bar masa ƙarfin tunkarar sababbin kalmomi. Kowane babi kuma yakan tsaya ne a inda rai ke rataye, sai yaro ya buɗe na gaba ba da umarnin kowa ba. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, in ji Hausawa. Littafin da zai haye da yaro shi ne wanda aka auna da bakinsa, aka kuma sa masa abin da ransa ke so.