Suyar gahawa a gida: matsaloli da maganinsu

Gahawa, wadda ake ce ma kafe, asalinta ƙasar Habasha ne. Iri biyu aka fi sani: arabika da robusta. Ba a noman ta a Nijar. Ana noman robusta a ƙasashe masu damshi kamar Togo da Kamaru. A Sudan da Habasha mata suna soya ta da kansu cikin kasko. Ƙwayar tana da tsada, ga kuma saurin ƙonewa, shi ya sa suyar take son lura.

Yadda ƙwaya take canzawa

Ɗanyar ƙwaya koriya ce. Bisa wuta takan koma rawaya, sa'an nan ruwan ƙasa. In zafinta ya kai wajen digiri 200, sai a ji tana fashewa kamar gugguru. Wannan ita ce alamar ta fara nuna. Suyar takan ɗauki minti 10 zuwa 15. Kilo 1 na ɗanya yakan koma wajen giram 850, domin ruwan cikinta ya fita.

Baya ya ƙone, ciki ɗanye

Wuta ce ta yi yawa. A jira gawayi ya zama garwashi, a yi amfani da kasko mai kauri.

Wasu baƙaƙe, wasu farare

An cika kasko, ko an bar motsawa. A zuba kaɗan kaɗan, a riƙa juyawa da cokalin katako ba tsayawa. Kafin suya a tsince tsakuwa da fasassun ƙwayoyi, don su ne ke fara ƙonewa.

Tsami da warin ɗanyar ciyawa

An sauke da wuri. A jira sai an ji fashewar nan, a ƙara minti 1 ko 2.

Ɗaci da ƙauri

An wuce lokaci. In aka ji fashewa ta biyu, mai ƙaramar ƙara, mai kuma ya fito bisa ƙwayar, to ta kusa zama gawayi. Ko bayan an sauke, zafi yana ci gaba da cin ta. A juye ta nan take bisa faifai, a baza, a bakace ta huce, ɓawon ya fita.

Ba ƙamshi

Ko dai wuta ta yi sanyi har suyar ta ja lokaci, ko kuma garin ya sha iska. A ajiye soyayyar ƙwaya cikin kwalba mai murfi, nesa da rana. A bar ta ta kwana, a daka daidai wadda za a sha.

Gargaɗi

A yi suyar a tsakar gida, domin hayaƙin gawayi cikin rufaffen ɗaki yana iya kisa. Ƙwayar da ta yi hunhuna a zubar da ita: suya ba ta kawar da gubarta duka.