Turanci a Jarrabawar Gaokao

Turanci ne harshen waje da yawancin ɗaliban babbar sakandare a ƙasar Sin ke zaɓa a Gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake yi kowane watan Yuni. A galibin larduna maki 150 yake ci daga cikin 750. Fahimtar karatu ce ke da kaso mafi tsoka, shi ya sa ɗalibai ke haddace kalmomi wajen 3,500. Nahawu kuwa yakan ba su wuya, tunda aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa don nuna lokaci. A ɓangaren insha'i, sau da yawa wasiƙa ake sa su rubutawa da sunan wani ɗalibi ƙagagge, Li Hua.