Injin Wankel da Motocin da Ake Yankawa Dominsa

Abin da ya jawo wannan ɗan rubutu wani musu ne da muka yi da abokin ɗakina mai karatun injiniya. Ya nuna mini hoton wata ƙaramar motar gudu ƙirar Mazda RX-7 da aka sa a kasuwa a Amurka, fenti lafiya, kujeru lafiya, amma an ce babu inji a cikinta, an riga an sayar da shi dabam. Na ce ai wannan gawa ce. Shi kuwa ya ce a wajen masu saye rashin injin nan shi ne abin so. Da na bi diddigin maganar sai na tarar ashe wannan ciniki ya kusa tsufan injin kansa, saboda haka na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu tarihin a taƙaice.

A injin da muka saba da shi, fistan ne ke hawa da sauka cikin silinda kamar taɓarya a turmi. Wani Bajamushe mai suna Felix Wankel, wanda aka haifa a 1902, shi ya dage a kan a yi injin da ba hawa ba sauka, sai juyi kawai. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, wanda zan kira majuyi, yana zagayawa cikin wani gida mai siffar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu. Kowane gefe na majuyin yana shan iska da fetur, ya matse su, fulogi ya kunna, sa'an nan ya fitar da hayaƙi. Babu bawul, babu nauyi, ba ya jijjiga, ga shi da ƙarfin da ya fi girmansa. Kamfanin NSU na Jamus ne ya tayar da na farko a 1957. Shi Wankel kuwa bai taɓa mallakar lasin tuƙi ba har ya mutu a 1988.

To, ga inda gizo yake saƙa. A bakin kowace kusurwa ta majuyi akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai aiki irin na ringi, yana gogar jikin gidan ba hutawa. In ya cinye, matsi ya tsere, inji ya mutu. Domin kada ya cinye da wuri, da gangan injin yake ɗiga baƙin mai a wurin ƙuna, watau shan baƙin mai halinsa ne tun haihuwa. Fetur ma ba ya yi masa da sauƙi. Mai karatu ya riƙe wannan ɗan ƙarfe a ransa, don kusan duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

A 1967 NSU ya fitar da mota mai suna Ro 80, aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1968. Ba a daɗe ba injuna suka fara mutuwa, wasu tun ba su cika kilomita 50,000 ba, kamfani kuwa yana ta musanya su kyauta bisa alkawarin da ya yi wa masu saye. Ana ba da labari cewa in masu Ro 80 biyu suka haɗu a hanya sai kowa ya ɗaga yatsu, adadin injunan da ya canza ke nan. Kuɗi suka ƙare, Volkswagen ya saye kamfanin a 1969 ya haɗe shi da wanda a yau ake kira Audi. Daga nan aka shiga dasa wa wannan mota wani inji dabam. Bakanikai a Ingila suka lura cewa injin Ford mai silinda huɗu, irin na motar kaya Transit, gajere ne, zai shiga gurbin, suka riƙa zuba shi. Motar da aka saya don laushin tafiya ta koma tana karkarwa, amma dai tana tafiya. Citroën na Faransa ya fi kowa yanke hukunci: ya fitar da GS Birotor a 1973, bai sayar da ko 900 ba, daga baya ya nemi ya saye su daga hannun masu su ya murƙushe, don ya huta da yi musu kayan gyara.

Mutanen Japan ne suka ƙi sakin injin. Kamfanin Toyo Kogyo na Hiroshima, watau Mazda, ya sayi izinin ƙera shi a 1961, lokacin da gwamnati take son haɗe ƙananan kamfanonin mota, shi kuwa yana neman abin da zai bambanta shi da kowa. Kenichi Yamamoto ya jagoranci injiniyoyi 47 suka yi ta fama da zanen da ƙarfen kusurwa yake bari a jikin gida, wanda suka laƙaba wa yakushin shaiɗan, har suka fitar da Cosmo Sport a 1967. Tsadar man 1973 ta kusa kashe kamfanin, sai da bankin Sumitomo ya tallafe shi. Duk da haka a 1978 ya fito da RX-7, aka ƙera fiye da 800,000 kafin a tsaya a 2002. A 1991 motarsa 787B ta ci tseren awa 24 na Le Mans. RX-8 ta biyo baya daga 2003 zuwa 2012, dokar hayaƙi ta kore ta daga Turai tun 2010.

Yanzu mu zo ga mai motar da injinsa ya gaji. Alamar farko, in ta yi zafi aka kashe ta, sai ta ƙi tashi. Bakanike ya auna matsi ya ce sai an buɗe. Wanda ya iya buɗe irin wannan inji ba a kowane gari yake ba, kuma sau da yawa kuɗin aikin, musamman a RX-8, yakan kai kuɗin motar ko ya wuce. Sai mutum ya yi lissafi ya ga in ya sayar da ita ɗungum asara ce, in ya yanka ta kuwa zai tsira da wani abu. Duk wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san wannan lissafi. Abin da aka fi rububi shi ne gidan majuyi mai lafiya, domin in ya karce ba a faɗaɗa shi kamar silinda, sai dai a sa wani, kuma na tsohon injin 12A kamfani ya daina yi. Bayansa sai majuyi, da giya, da kujeru, har fitilu. Mota guda takan tayar da wasu da yawa da ke kwance.

Bodin kuwa yana da nasa masu nema. An ƙera RX-7 ba nauyi, an tura injinta baya da ƙafafun gaba, har nauyin gaba da na baya suka kusa daidaita. Amurkawa sukan saye ta babu inji su zuba mata na Chevrolet mai silinda takwas, wanda ake kira LS, da ya fara fitowa a 1997, yanzu kuwa ya cika wuraren tsofaffin motoci, kuma kowane bakanike a can ya san shi. Injin da aka cire shi ma ba ya zama. A Puerto Rico da Ostareliya da New Zealand ana dasa shi cikin tsofaffin ƙananan motoci a yi tsere, wasu ma sukan sa shi a ƙananan jiragen sama da suke haɗawa a gida.

A nan ne muka rabu da abokina. Shi a ganinsa mota ƙarfe ce, abin da ya tayar da ita shi ne daidai. Ni kuwa ɗalibin harshe ne, an koya mini cewa suna linzami ne, kuma motar nan ba ta yi suna da komai ba sai da injinta. Ban ga laifin mai RX-8 da ya rasa kuɗin gyara ya yanka ta ba, balle ma da sassanta wasu suke rayuwa. Amma RX-7 ta ƙarshe, wadda ba a ƙera ko 70,000 ba, a ɗauki mai lafiya a cire mata inji don neman ƙarin gudu, wannan kam ɓarna ce, domin ba za a sake yin wata ba. Kasuwa ma ta fara bin bayana, don mai injinta na asali ta yi tsada ƙwarai, har a 2020 Mazda ya sanar zai sake ƙera wasu kayan gyaran RX-7 da ya daina yi.

Na gaya masa kuma cewa a 2023 Mazda ya dawo da injin cikin mota mai suna MX-30 R-EV. Ya tambaye ni ko shi yake juya ƙafafu. Na ce a'a, lantarki ke jan motar, shi cajin batir kawai yake yi. Ya yi dariya ya ce to ai wannan janareto ne.