Taro, Yarjejeniya da Al'ada a Tarihin Ƙasarmu

Kalmar nan da 'yan siyasa suka aro daga Turanci suna kiran babban taron jam'iyya da ita, wato kwanbenshan, tana ɗauke da ma'anoni uku a harshen masu ita: babban taro, da yarjejeniya tsakanin hukumomi, da kuma al'adar da jama'a suka amince da ita ko da ba a rubuta ba. Dukkan ukun sun taɓa ƙasarmu ta Zakka da maƙwabtanta na Safana da Batsari.

Ma'anar farko ita ce wadda mu mazauna birane muka fi sani. A watan Yuni na 1949 aka yi babban taron farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna, kuma a 1951 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa. Taron shekara da muke yi a gida jikan irin wannan zama ne.

Ma'ana ta biyu ta fi tsufa a wurinmu. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa har suka kafu a Maraɗi, sai yankin Ruma ya zama bakin daga na tsawon shekaru. Daga baya Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyoyi a 1898 da 1904 da 1906, suka shata iyakar da ta bar Katsina a Nijeriya, Maraɗi a Nijar. An yi mana aski ba ma nan, ga shi har yau iyakar tana nan.

Ma'ana ta uku kuwa ba ta da takarda, amma ita ta riƙe kakanninmu. Manomi ba ya nome burtali ko ya toshe mashaya. Makiyayi ba ya shiga gona sai an kwashe amfani, sannan shanu su ci kara su bar taki. Idan an yi ɓarna, mai gari da arɗo su zauna, a kimanta, a biya. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta tarar da wannan tsari ne a ƙasa.

Da mutane suka ƙaru, gonaki suka ci burtali, satar shanu ta yawaita a Dajin Rugu, sai wannan amana ta yi rauni. A watan Satumba na 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya zagaya ƙananan hukumomin da ke bakin daji, har da Safana da Batsari, ya yi sulhu da masu ɗauke da makamai. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar ta Batsari, kuma a Yunin shekarar gwamnan ya bayyana cewa sulhun ya rushe.

Abin lura, ya ku 'yan'uwa, shi ne an yi taro, an ƙulla yarjejeniya, amma al'adar da za ta tallafe su ta riga ta raunana. Saboda haka idan mun hallara a gida, mu zauna da dattawan da suka san inda tsofaffin burtali da mashaya suke, mu rubuta abin da suka faɗa tun suna raye, domin 'ya'yanmu da aka haifa a Kano da Kaduna da Abuja ba su da wanda zai gaya musu in ba mu ba. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, amin.