Kula da Ruwan Lagireto a Motoci

Injin mota yana aiki ne a kan zafin da ya kai kimanin digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos. Ruwan da ke zagayawa tsakanin injin da lagireto shi ne ke hana zafin wuce kima. Famfon ruwa ne ke tura shi, fanka kuma ta sanyaya shi. A lokacin bazara, wato daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin rana kan haura digiri 40 a Arewa, sakaci kaɗan da wannan ruwa yana iya ƙona gasket, ko ma ya lanƙwasa kan injin baki ɗaya.

Ana duba ruwa ne da safe, kafin a tayar da mota. Yawancin motoci suna da farar robar ajiyar ruwa a gefen injin, mai alamar MIN da MAX. Ruwan ya tsaya tsakanin alamun biyu, kada a cika ta maƙil, domin ruwa yana ƙara yawa idan ya yi zafi.

Ana gargaɗin direbobi da kada su buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Murfin yana riƙe matsin iska ne domin ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, saboda haka da zarar an kwance shi sai ruwan ya yi tsiri ya ƙona fuska da hannu. Idan allurar zafi ta hau ja, a tsaya a gefen hanya, a kashe injin, a jira aƙalla minti 30.

Ruwan da ya dace shi ne ruwan kulan, wanda ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, sai fa wanda aka sayar a haɗe. Shi ne ke hana tsatsa. Ruwan rijiya da na burtsatse, musamman mai zartsi, yana barin ƙura-ƙura da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto a hankali. Ana iya amfani da shi idan larura ta kama a daji, amma a zubar a sake sabo bayan an iso gari. Kulan na gama-gari ana canza shi duk shekara 2, akwai kuma mai kaiwa shekara 5, kuma ba a gauraya iri biyu.

Akwai al'adar da ta yaɗu a garejoji ta cire tamostat da sunan cewa ƙasarmu ba ta sanyi. Wannan kuskure ne. Injin da ba ya saurin ɗumama yana shan mai, kuma yana saurin gajiya. Haka nan zuba garin sabulu ko ƙwai don toshe yoyo, ɓarnarsa ta fi amfaninsa. Idan ruwa yana yawan raguwa, a duba tiyo, murfi da famfo. Farin hayaƙi daga salansa, ko baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara, alama ce ta gasket ya ƙone.

Ruwan kulan guba ne, ga shi da zaƙi, don haka yana jan yara da dabbobi. Kada a zuba shi a robar lemo, kada kuma a zubar da tsohonsa kusa da rijiya ko mashayar dabbobi.

Ana shawartar jami'an sufuri na ƙananan hukumomi da su riƙa rubuta ranar da aka canza ruwan kowace mota a littafinta, musamman motocin ɗaukar marasa lafiya da ke bin hanyoyin karkara masu ƙura. Irin waɗannan suna buƙatar a riƙa wanke fuskar lagireto daga ƙura da ƙaiƙayi a kai a kai.