Tsohon Gidan Manomi a Ƙasar Adar: Darajarsa ga Tarihi da Harshe

Masu binciken tarihin ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga fadojin sarakuna da ganuwowi da masallatai, alhali kuwa yawancin jama'a a ƙauye suka rayu. A gundumomin Madawa da Buza da Keita, cikin jihar Tawa, gidan manomi na daga cikin shaidu mafi tsufa da suka rage game da zaman talakawa, ga shi kuma yana ɓacewa ba tare da an rubuta labarinsa ba.

Ƙasar Adar ta ga sauyin mulki iri-iri. Wajen 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ci ƙasar da yaƙi. Daga baya Abzinawan Kel Geres suka yi ƙarfi a yankin Madawa, har Faransawa suka karya su a Galma cikin 1901. A duk tsawon wannan zamani manoma, waɗanda aka fi sani da Azna, su ne suka riƙe ƙasa da noma. Djibo Hamani ya bi tarihin sarautun Adar a littafin da ya fitar cikin 1975, a shekarar kuma Nicole Echard ta fitar da nata a kan manoman ƙasar. Gidan da manoman suka zauna a ciki shi ne ya saura a yi masa irin wannan nazari.

Fasalin gidan yana bin tsarin gandu, wato uba da ƴaƴansa maza da iyalansu suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Ana shiga ta zaure, kowace matar aure tana da ɗakinta, dabbobi kuma suna da turkensu. Kayan ginin duka na wurin ne: laka da dutse, wanda ya wadata a tuddan Adar, da kara da itace. Amma abin da ya fi ɗaukar ido shi ne rufewa, babban rumbun laka mai kama da tulu. Ana ɗora ta a kan duwatsu saboda gara da laima, a bar mata baki a sama, a rufe shi da jinka. Gero yakan shekara biyu ko fiye a cikinta, muddin da zangarniyarsa aka zuba shi. Maigida ne kaɗai ke da ikon buɗe rumbun gandu, galibi da damina sa'ad da aikin gona ya yi tsanani, mata da samari kuwa suna da ƙananan rumbuna na amfanin gayaunarsu. Saboda haka wanda ya ƙirga rumbunan gida, ya dubi girmansu da inda aka kafa su, ya san yadda aka raba iko da dukiya a cikinsa.

Rufewa kuma tana ɗauke da tarihin yunwa. Ƙasar ta sha wuya a 1913-1914 da 1931, sa'an nan a 1973-1974 da 1984. Bayan yunwar 1931 gwamnatin mulkin mallaka ta matsa wa ƙauyuka su kafa rumbunan tsimi, dabarar da magidanta suka daɗe suna yi tun kafin zuwan Turawa.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 abubuwa suka sake. Samarin Adar suka yawaita tafiya bida zuwa Nijeriya da Abijan, suna komowa da kuɗin kwano da siminti. Gandu ya rarrabu, itacen gini ya yi wuya. Shukar itatuwan kare iska da aka soma a kwarin Majiya cikin 1975, da aikin raya karkara na Keita da aka soma cikin 1984 da taimakon Italiya, sun farfaɗo da ƙasar noma da itatuwa, amma kiyaye tsohon gini bai shiga aikinsu ba.

Ginin laka na Adar ya riga ya sami shaida a duniya, domin masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya soma cikin 1962, ya karɓi lambar Aga Khan cikin 1986. Hannun da ke gina masallaci kuwa a jikin rufewa da ɗakin ƙauye yake koyon aiki. Dokar Nijar mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kiyaye kayan tarihi na ƙasa, ya kamata kuma gidan manomi ya shiga lissafi.

Ga masu nazarin harshe al'amarin ya fi gaggawa. Kowane sashe na gida yana da suna, kowane mataki na gini yana da aikatau nasa, lafazin Adaranci kuma, wanda Bernard Caron ya bayyana cikin 1991, ya bambanta da daidaitacciyar Hausa: rufewa a bakin Ba'adare ruhewa ce. Idan gini ya rushe, kalmominsa sukan bi shi cikin tsara ɗaya. Abin da ya dace shi ne a zaɓi ƴan gidaje a kowace gunduma, a auna su, a zana fasalinsu, a ɗauki maganar tsofaffin magina da bakinsu, sa'an nan a mai da ita littattafan karatu na yaƙi da jahilci. Manomi zai fi saurin gane harafi idan kalmar farko da ya karanta sunan rumbunsa ce.